Tengiz Abuladze: ƙarfin hali ne ko ɗaurin gindi?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Kwamared ya ce in buɗe zance na musamman a kan Tengiz Abuladze domin yana da ta cewa, to ga fili ga mai doki.

Ga waɗanda ba su san shi ba, darakta ne kuma marubucin labarin fim ɗan ƙasar Jojiya. An haife shi a Kutaisi a 1924, ya rasu a Tbilisi, babban birnin ƙasar, a 1994. Wasan dandamali ya fara karanta a Tbilisi, daga nan ya wuce Mosko, makarantar koyon fim ta VGIK, ya dawo gida a 1953 ya kama aiki a kamfanin fim na gwamnati, don a Tarayyar Sobiyat, wadda Jojiya ke cikinta a lokacin, babu wani furodusa sai gwamnati. A shekara 30 manyan fina-finai bakwai kacal ya yi. Uku daga ciki ake haɗawa wuri guda: Vedreba, wato Roƙo, na 1967, Natvris khe, Bishiyar Buri, na 1976, sai Monanieba, wato Tuba, wanda ya kammala a 1984, aka kulle fim ɗin, bai fito wa jama'a sosai ba sai 1987.

Na ƙarshen shi ya kai sunansa duniya. Varlam Aravidze, magajin wani gari, ya mutu, an yi masa jana'iza ta alfarma da jawabai da koke-koken ganin ido. Gari na wayewa iyalansa suka tarar da gawar a jingine da bishiya a lambun gidansu. Aka mayar, ta dawo. Har keji na ƙarfe aka kifa wa kabarin, a banza. Da aka yi kwanton ɓauna aka kama mai tonowa, ashe mace ce, Ketevan, mai sana'ar kek. A gaban kotu ba ta yi musu ba, ta ce muddin tana numfashi Varlam ba zai kwanta a ƙasa ba, domin shi ya ɓatar da ubanta Sandro mai zane da uwarta Nino tun tana ƙarama. Abuladze ya ba Varlam gashin baki irin na Hitila, tabarau irin na Beriya shugaban 'yan sandan asiri na Stalin, baƙar riga irin ta Musolini.

Ra'ayina shi ne, fim ɗin ba da Varlam yake ba, da ɗansa Abel yake. Abel bai kama kowa ba, bai kashe kowa ba, gida kawai ya gada da suna da jin daɗi, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce zamanin ne mai wuya, ba za ku gane ba. Ɗan wasa guda, Avtandil Makharadze, shi ya fito a uban, shi ya fito a ɗan. Wanda ya yi wannan a 1984 ni dai na sara masa.

Kwamared:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ba da labari da daɗi amma ka haɗiye rabinsa. Bari in cike maka. Abuladze ɗan jam'iyyar kwaminis ne, ya karɓi kati a 1978. A 1980 aka ba shi lambar girma mafi tsada da gwamnati ke ba masu fasaha. A 1988 aka ɗora masa kyautar Lenin a kan fina-finan nan uku, har da wannan da kake kira na ƙarfin hali. Wa ya ba shi izinin ɗauka tun farko? Eduard Shevardnadze, shugaban jam'iyya na Jojiya, mutumin da kafin nan ministan harkokin cikin gida ne na jamhuriyar. Shi ya nuna masa hanyar zagayawa ta gidan talabijin na Jojiya domin kada labarin ya bi ta teburin Goskino, hukumar fim ta Mosko. In wannan ba ɗaurin gindi ba ne, mene ne sunansa?

Sannan a faɗa mini inda aka ambaci sunan Stalin, shugaban Sobiyat mai kama-karya, a fim ɗin. Babu. Alhali Khrushchev, wanda ya shugabanci jam'iyya bayansa, ya kira sunan ƙarara a taron jam'iyya tun 1956, a 1961 kuma gwamnati da kanta ta ciro gawar Stalin daga ɗakin da take kwance kusa da ta Lenin ta binne a gindin katangar Kremlin. Abin da Ketevan ta yi da shebur, jam'iyya ta riga ta da shekara 23.

In ƙarfin hali kuke nema, ga darakta Sergei Parajanov, haifaffen Tbilisi, sa'an Abuladze, shekararsu ɗaya. Ya yi zaman kaso daga 1973 zuwa 1977, aka sake kama shi a 1982. Ga Otar Iosseliani da aka matsa wa fina-finansa har ya koma Faransa. Abuladze ko kwana ɗaya bai yi a ɗaure ba.

Ummu Sadik:
Don Allah ku yi haƙuri da ni, wace Jojiyar? Ni ta Amurka na sani.

Baban Hanifa:
Ba ita ba ce, Hajiya. Wannan ƙasa ce a tsaunukan Kokeshiya, Rasha a arewa, Turkiyya da Armeniya a kudu, Azarbaijan a gabas, Bahar Aswad a yamma. Stalin kansa ɗan can ne, a garin Gori aka haife shi, Beriya shugaban 'yan sandan asirinsa shi ma ɗan Jojiya ne. Riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Baba Injiniya:
Kwamared ɗana, bari tsoho ya sa baki, don ni ina can ina karatu lokacin da aka saki fim ɗin. Duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma ka karanta shi ne a takarda, ba ka shaƙi iskar wurin ba.

E, Khrushchev ya yi magana a 1956. To amma a rufe ya yi ta, ba a buga jawabin a jaridun ƙasar ba sai ƙarshen shekarun 1980. Da aka tumɓuke shi a 1964 Brezhnev ya hau, sai aka mayar da murfin. Yaran da muka yi aji da su sun san yaƙin duniya ciki da waje, amma 1937, shekarar da gwamnatin Stalin ta yi ta kama mutane tana harbewa, sai dai a raɗa a kicin bayan an rufe taga. Kuma ka duba lokacin da Abuladze ya yi aikin nan: zamanin mulkin Brezhnev, Andropov, Chernenko. Gorbachev bai hau ba sai Maris 1985. Wa ya san za a yi wani abu wai shi glasnost, wato manufar Gorbachev ta sakar wa jama'a baki? Mutum ya zauna ya rubuta labari, ya tara 'yan wasa, ya sa har 'yarsa ta cikinsa ta fito a matsayin Nino, matar ɗansa Nana Janelidze tana cikin marubuta, alhali bai san ko za a taɓa haska shi ba. Shevardnadze inuwa ce, na yarda, amma inuwar gwamna a tsarin nan waya ɗaya daga Mosko ta isa ta ɗauke ta.

Ranar da na kalla, sanyi ne irin mai sa gashin hanci ya daskare, layin tikiti ya zagaye gini. Mutanen can ba sa surutu a sinima dama, amma shirun ranar daban ne. Da aka kunna fitila ba wanda ya yi hanzarin tashi neman kwat ɗinsa. Wani abokin karatuna, wanda muka daɗe muna cin abinci a tukunya ɗaya bai taɓa ce mini komai a kan danginsa ba, a hanyar komawa ɗaki ya ce mini kakansa ma da dare aka zo aka tafi da shi, har kakarsa ta mutu ba ta san inda kabarinsa yake ba. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa. Wannan shi ne aikin da fim ɗin ya yi, kuma ba jawabin Khrushchev ne ya yi shi ba.

Batun rashin ambaton suna kuwa, ka tuna a Jojiya yake. A Maris 1956 matasan Tbilisi sun fito zanga-zanga suna kare martabar Stalin, ɗan ƙasarsu, sojoji suka buɗe musu wuta. A zamaninmu direbobin manyan motoci suna manna hotonsa a gilashin gaba. Ɗan Jojiya ya tashi ya ce wa 'yan uwansa ku tono wannan mutumin ku jefar, ba ƙaramin abu ba ne.

Kwamared:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ba na ja da abin da idonka ya gani. Amma layin tikiti shaida ce ta yunwar mutane, ba ta jarumtar mai dafa abinci ba.

Almajirin Malam:
Ni tawa matsalar daban ce. Ban damu da wa ya ɗaure wa wa gindi ba. Ku musulmi ne kuna zaune kuna yabon fim ɗin da jarumarsa tonon kabari take yi? An hana mu zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, an kuma gaya mana karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Mutum ya mutu, hisabinsa yana wurin Allah. Ɗaukar gawa a jingina a bishiya, daga ƙarshe ɗansa na cikinsa ya wurga ta daga kan dutse, wannan wace irin tarbiyya ce ake koyarwa? Ko azzalumi ne, ai an gama da shi.

Anti Larai:
Allah gafarta Malam, ba wanda ya ce a ɗauki shebur a nufi maƙabarta. Kuma da ka kalli fim ɗin da ka ga cewa tambayarka ita Abel ma yake yi. Amma kafin ka ji tausayin gawar Varlam, bari in gaya maka fitowar da ta hana ni barci.

Bayan an kama Sandro, wani yaro ya zo ya gaya wa Nino cewa an sauke gumagumai a tashar jirgin ƙasa, daga dazuzzukan da ake kai fursunoni aikin sare itace, kuma wasu fursunonin sukan sassaƙa sunansu a jikin icen. Sai ga ta da 'yarta ƙarama suna gudu cikin taɓo, suna bin gungume ɗaya bayan ɗaya suna dubawa. Wata mata ta ga sunan nata, ta rungume icen tana shafawa tana yi masa magana kamar mutum. Nino ba ta ga komai ba. Can gefe kuwa inji yana ta niƙe gumaguman, yarinyar tana zaune tana wasa da garin katako a hannunta. Babu duka, babu jini, amma wallahi na gwammace a nuna mini duka.

Akwai kuma layin mata a tagar gidan yari da ƙunshin kaya. In an karɓi ƙunshinki, mijinki yana raye. In an turo miki shi aka ce an kai shi wani wuri ba shi da izinin wasiƙa, to ki fara takaba. Wannan ba ƙirƙirar Abuladze ba ce, haka ake gaya wa iyalan waɗanda aka harbe.

To Malam, Varlam yana da kabari, da furanni, da titi mai sunansa. Sandro da Nino ina nasu kabarin? Wa ya yi musu sutura? Matar nan ba gawa take wa wulaƙanci ba, cewa take ba za a binne maganar ba. Kuma kai ka fi ni sani, Fir'auna ma an tsirar da jikinsa ne domin ya zama aya ga na baya.

Almajirin Malam:
Anti, ayar tana cikin Suratu Yunus, amma Allah ne ya yi, ba wata mai kek ba. Duk da haka na ji bayaninki, in misali ne ba koyi ba, da sauƙi. Sai dai ina da wata tambayar. An ce sunan fim ɗin Tuba. Wa ya tuba a ciki? Mu dai mun san tuba tana da sharuɗɗa: nadama, daina aikin, ƙudurin ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne a mayar masa. Wa ya cika ko biyu?

Baban Hanifa:
Madalla da wannan tambaya, Malam, nan ne gizo ke saƙa. Varlam bai tuba ba, cikin girma ya mutu. Abel kuwa da farko ƙoƙari ya yi a ce Ketevan mahaukaciya ce a kai ta asibiti, shi ke nan an kashe magana. Akwai inda ya sauka wani ɗaki mai duhu yana kuka yana ikirarin zunubi ga wani da ba a ganin fuskarsa, mutumin yana ta yagar kifi yana ci da hannu, maiƙo har gemu, ya miƙo masa ƙayar. Da haske ya faɗa kan fuskar, ashe ubansa ne yake masa dariya. Wanda abin ya ci wa rai da gaske jikan ne, Tornike, yaron da bai ci ba bai sha ba. Shi ya harbi Ketevan a maƙabarta yana kare kakansa, shi ya zauna a kotu ya ji komai, shi ya je ya nemi gafararta, daga ƙarshe ya harbe kansa da bindigar da kakan ya ba shi kyauta. Sai bayan nan Abel ya je ya tono uban da hannunsa.

Anti Larai:
Ka ga abin da ke ba ni haushi da Abel ke nan. Dubban 'ya'yan mutane sun tafi bai motsa ba, sai da abin ya taɓa nasa. Ni ban kira wannan tuba ba, zafin rashin ɗa ne.

Kwamared:
Yauwa, Anti, kin kawo ni gida. Kuma ku ƙara da wannan: duk abin nan bai ma faru ba! Fim ya buɗe da Ketevan tana ƙawata kek, ta ga sanarwar mutuwar Varlam a jarida. Ya rufe tana nan a wurin da kek ɗinta. Tonon kabari, kotu, harbi, duk a cikin kanta aka yi su. Sai wata tsohuwa ta leƙo taga tana tambaya ko wannan hanya tana kaiwa coci, aka ce mata a'a, titin Varlam ne. Wato titin yana nan da sunansa, gawar tana nan a kabarinta. Darakta ya bar wa kansa ƙofar gudu: in an tsare shi ya ce ai mafarki ne.

Ga kuma abin da masu yabo ba sa son a tuna. Yaron da aka fara ɗauka a matsayin Tornike, Gega Kobakhidze, yana cikin matasan da suka yi yunƙurin karkatar da jirgin Aeroflot daga Tbilisi zuwa Turkiyya a Nuwamba 1983. An rasa rayuka, an kama su, an yanke masa hukuncin kisa tare da wasu, har da wani limamin coci da bai ma shiga jirgin ba, aka zartar a 1984. Wa ke mulkin Jojiya a lokacin? Shevardnadze. Aka sauya yaro da Merab Ninidze, aka sake ɗauka, aiki ya ci gaba. Fim a kan zaluncin jiya, ƙarƙashin inuwar mai mulkin yau.

Baba Injiniya:
Ɗana, a nan ka ɗan yi son kai. Yaran nan sun shiga jirgi da makamai, mutanen da ba ruwansu sun mutu, ba daidai ba ne ka jera su da mawaƙa irin su Titsian Tabidze da aka harbe a 1937 ba su taɓa ko kaza ba. Na limamin kam zalunci ne, ban musa ba. Amma juya abin ka gani: ɗan wasanka ya shiga irin wannan, jami'an tsaro sun shigo cikin aikinka, wani daraktan da ya naɗe tabarmarsa ya ce Allah ya kiyaye gaba. Shi ya koma ya ƙarasa.

Baban Hanifa:
Batun mafarki kuma ni akasin haka na fahimta. Da ya nuna an tono, an jefar, gari ya gyaru, da ƙarya ya yi, don a 1984 babu abin da ya gyaru. Da ya ce duk a cikin kan mace ɗaya ne, yana gaya wa mai kallo cewa shari'ar nan ba a yi ta ba tukuna, kuma kai ma a titin Varlam kake kwana. Wannan ya fi zafi.

Haka rashin ambaton suna. 'Yan sandan Varlam sulke da kwalkwali suke sawa irin na mayaƙan da, alƙalai da gashin kanti irin na Turawa, ga keken doki ga mota a titi ɗaya. Da ya ce Stalin, da kowa ya ce alhamdu lillahi, ya mutu tun 1953. Kuma Varlam ba dodo ba ne mai zare ido. Yana zuwa gidan Sandro da furanni, ya rera waƙar opera, ya karanta baitocin Shakespeare, ya sumbaci hannun matar gida, ya yi tsalle ta taga yana dariya. Bayan ɗan lokaci aka zo aka tafi da maigidan.

Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne na Mikhail, abokin Sandro. A wajen tuhuma ya amsa cewa an ba shi aikin haƙa rami daga Bombay zuwa Landan, ya kuma lissafa sunayen ɗimbin mutane a matsayin abokan laifi. Dabararsa wai in ƙaryar ta yi yawa, na sama za su gane shirme ne su saki kowa. Mutumin kirki ne, yana ganin taimako yake yi.

Badamagare:
Sannunku da hira. Duk kun taru a kan fim ɗaya kamar shi kaɗai ya yi. Ni na farkonsa ya fi kwanta mini, Magdanas lurja na 1955, wanda suka yi da abokinsa Rezo Chkheidze. Wata bazawara mai tallar kindirmo, 'ya'yanta suka tsinci jaki a bakin hanya, mai shi ɗan kasuwar gawayi ya yi masa lodi har ya faɗi ya bar shi ya mutu. Yara suka yi jinyarsa ya miƙe, ya fara kai mata kaya birni. Mai gawayi ya gan shi ya ce nasa ne, aka je kotu, alƙali ya ba mai kuɗi. Iyakar labarin ke nan, amma ya ciwo kyauta a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 1956. Tun nan za ka ga kotun da ba ta adalci, ita ce ta dawo a Monanieba bayan shekara kusan 30.

Wani abu kuma, a Cannes ta 1987 da Abuladze ya karɓi babbar kyautar alƙalai, a bikin nan Souleymane Cissé na Mali ya samu kyauta da Yeelen. Shi ma VGIK ya yi. Abderrahmane Sissako na Muritaniya ma can ya yi karatu, Sembène na Senegal kuma a Mosko ya koyi riƙe kyamara. Makarantar da ta yaye shi ta yaye namu.

Kwamared:
Jakin Magdana ai irin wanda jam'iyya ke so ne: zamanin sarakuna, mai kuɗi mugu, talaka abin tausayi. Ba wanda zai hana ka wannan.

Anti Larai:
To Natvris khe fa, Kwamared? A can ba mai kuɗi kaɗai ba ne mugu, gari ne gaba ɗaya. Marita tana son Gedia, talaka, dattawa suka aurar da ita ga mai hali. Da aka same ta tana magana da tsohon saurayin, dattijon gari ya yanke hukunci, aka ɗora ta a kan jaki tana fuskantar baya, aka zaga da ita ana jifanta da taɓo har ta mutu. Masu jifan maƙwabta ne, waɗanda jiya suke yaba kyanta. Kuma dattijon ba ya jin ya yi laifi, a ganinsa mutuncin gari ya tsare. Kar ka ce mini mutanen da suka rayu a ƙarƙashin Stalin sun kalli wannan ba su gane kansu ba.

Almajirin Malam:
Na ukun fa, Roƙo? Ba wanda ya ce komai a kai.

Baban Hanifa:
Shi ne ma ya kamata ka fara gani, Malam. Daga waƙoƙin Vazha-Pshavela aka ɗauko shi, babban mawaƙin tsaunukan Jojiya, kuma baitocin ake karantawa a ciki, ba hira irin ta yau da kullum ba. Baƙi da fari ne, mai nauyi, ba a haska shi sosai ba lokacin da ya fito. Labari biyu ne a tsakiyarsa, tsakanin Khevsur, kiristocin tsauni, da maƙwabtansu Kist, musulmi 'yan uwan Chechen, masu gabar jini tun kakanni.

Na farko, Aluda ɗan Khevsur ya kashe Mutsal ɗan Kist a faɗa. Al'adarsu a yanke hannun daman abokin gaba a kafe a bango. Aluda ya ga yadda mutumin ya mutu da mazantaka ya ƙi yankewa, har ya yanka sa domin ransa. Mutanensa kiristoci suka kore shi da iyalinsa cikin ƙanƙara. Na biyu, Jokola musulmi ya haɗu da wani maharbi a daji ya kawo shi gida, ashe Zviadauri ne ɗan Khevsur, wanda ya kashe musu mutane da yawa. Gari ya taso, Jokola ya tsaya a ƙofa ya ce baƙona ne, yau ba mai taɓa shi a gidana. Suka fi ƙarfinsa, suka yanka baƙon a kan kabarin wanda ya kashe. Matar Jokola, Aghaza, ta fita da dare ta yi masa kuka.

Ka ga bai ce wannan addini ne mai kyau wancan mara kyau ba. Kowane ɓangare ya fitar da mutum ɗaya mai mutunci, kowane ɓangare ya murƙushe nasa. A 1967 ya yi wannan, Kwamared, ba Shevardnadze a kan kujera, sai 1972 ya hau.

Kwamared:
Wannan na ba ka. Vedreba fim ne, kuma ban ce mutumin bai iya aiki ba. Abin da na ƙi shi ne a ɗora masa rawanin da na Parajanov ne. Wanda ya san iyakar da zai taka ba a ɗaure shi ba, gwani ne, amma gwaninta daban, sadaukarwa daban. Kuma ko fitowar Monanieba ba shi ya ƙwato ta ba. Sai da ƙungiyar masu shirya fim ta yi juyin shugabanci a Mayu 1986 Elem Klimov ya hau, aka kafa kwamitin duba fina-finan da aka kulle, Alexander Yakovlev na kusa da Gorbachev ya sa hannu. Gwamnati ce ta ga tana bukatarsa.

Baba Injiniya:
Ta bukace shi, amma da bai yi shi a lokacin da ba a bukata ba, me za ta ciro daga kabad? Parajanov ɗin ma da ya fito, a kamfanin fim na Jojiya ya samu ya koma aiki, ƙarƙashin hukumomin nan dai da kake zagi. Kowa a ƙasar nan da inuwar da ya raɓa, har mu ɗalibai baƙi.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne bayan nan. An zaɓe shi ɗan majalisar wakilan jama'a ta Sobiyat, ga kyaututtuka, amma bai sake kammala wani fim ba. A 9 ga Afrilu 1989 sojoji suka far wa masu zanga-zanga a Tbilisi, aka kashe mutum 21, yawancinsu mata. 1991 aka samu 'yanci, kafin shekara ta ƙare ana harba manyan bindigogi a babban titin birnin, aka kori shugaba Gamsakhurdia, Shevardnadze ya dawo a 1992. Ba wuta, ba kuɗi, kamfanin fim ya durƙushe. A cikin wannan hali ya rasu. Gunkin Stalin da ke tsakiyar Gori kuwa sai 2010 aka sauke shi, shi ma da tsakar dare, gidan tarihinsa yana nan a buɗe ana sayen tikiti.

Ummu Sadik:
Ni dai kun sa ni son gani. Da wanne zan fara? Kuma ana iya kallo da yara?

Anti Larai:
Fara da na jakin, shi yara ma za su iya, gajere ne. Monanieba ya haura awa biyu da rabi kuma akwai wuraren da ba na yara ba, ki bari sai sun yi barci.

Baban Hanifa:
To mu yi haka: kowa ya nemi Vedreba ya kalla kafin Asabar, mu dawo a kansa. Malam, kai za ka buɗe mana da hukuncin baƙo da amana, mu ga ko Jokola ya yi daidai.

Kwamared:
Na yarda, da sharaɗin mako na sama Parajanov ne, kuma ni zan buɗe.